Babi na Biyar: Waya Ta Zo, Wa Ya Ci Ribarta?

Gero iri ɗaya, awo ɗaya, a rana ɗaya, yana iya samun farashi uku a kasuwanni uku. A Maraɗi kaza, a Damagaram kaza, a Agadas kuma wani abu dabam. Wani sashe na bambancin ba abin mamaki ba ne, don kuwa akwai kuɗin mota, da na 'yan dako, da la'adar dillali, da abin da direba ke miƙawa a kowane shinge. To amma ko an cire duk waɗannan, sau da yawa akan tarar da saura, har mutum ya ce da wani ya yi lodi daga nan ya kai can, da ya kwashi riba. Me ya hana a yi lodin?

Masana tattalin arziki suna da wata ƙa'ida da suke kira dokar farashi ɗaya. Ma'anarta ita ce, in kaya ya yi araha a wani gari ya yi tsada a wani, 'yan kasuwa za su riƙa ɗiba daga mai arahar suna kaiwa mai tsadar, har nan ya ɗan tashi, can ya ɗan sauka, tazarar ta tsaya a kan kuɗin jigila kawai. Sai dai ƙa'idar ta ɗauka cewa ɗan kasuwa ya san farashin ko'ina. A 1961 George Stigler na Jami'ar Chicago ya nuna cewa shi kansa sanin farashin kaya ne mai tsada, sai an kashe kuɗi da lokaci kafin a same shi. Duk wanda ya yi kwarami kafin zuwan wayar salula bai buƙatar wani farfesa ya gaya masa haka. Ko dai ka hau mota ka je ka gani da idonka, ko ka tare direba a tasha ya ba ka labarin shekaranjiya, ko ka aiki yaro ka zauna jiran dawowarsa. Kafin labarin ya iso ka, kasuwar ta tashi.

Saboda haka da wayar salula ta fara shiga ƙauyuka, kowa ya ce ai magana ta ƙare, manomi zai san farashi, dillali ba zai ƙara cutarsa ba. Faɗar hakan ba wuya. Tabbatar da shi ne aiki. Garin da aka fara kai wa sabis galibi shi ne babban gari, mai kwalta, mai banki, mai manyan 'yan kasuwa. In ka ga farashinsa ya fi daidaita, ta yaya za ka raba aikin waya da aikin kwalta? Kokawa da irin wannan tambaya ita ce ta sauya fasalin ilmin tattalin arziki a shekaru 30 da suka wuce. Masana sun rage dogon lissafi a kan allo, sun koma neman inda rayuwa da kanta ta raba mutane gida biyu, ko kuma su raba su da ƙuri'a, sannan su auna. Kyautar Nobel ta 2019 da aka bai wa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, da ta 2021 da aka bai wa David Card da Joshua Angrist da Guido Imbens, duk a kan wannan salon aiki aka bayar da su.

Binciken da ya buɗe fagen ba a gona aka yi shi ba, a bakin teku ne, a jihar Kerala ta kudancin Indiya. Robert Jensen ya bi kasuwannin kifi 15 a gundumomi uku na arewacin jihar daga 1996 zuwa 2001, ana rubuta farashin sardin kowane mako. Masunci a can yana fita cikin dare, in ya kama kifinsa sai ya zaɓi gaɓa ɗaya ya nufa, don kasuwar ta safe ce, man jirgi na da tsada, kifi kuma ba ya jira. In ya isa ya tarar jirage sun riga shi, shi ke nan. A ranar 14 ga Janairun 1997, jirage 11 a gaɓar Badagara suka zubar da kifinsu don babu mai saye, alhali a kasuwannin da ba su wuce kilomita 15 daga wurin ba masu saye 27 sun koma gida hannu rabbana.

A wannan shekarar ce aka fara kafa turakun waya a gaɓar, kuma sabis yana kai wa kilomita 20 zuwa 25 cikin teku. Abin da ya taimaki Jensen shi ne ba a rana ɗaya aka kunna wa gundumomin ukun ba, an bi su ne ɗaya bayan ɗaya. A kowace gunduma, da zarar sabis ya zo, sai farashin kasuwanninta da a da ke tsalle-tsalle ya dawo kusan layi ɗaya, yayin da na maƙwabciyarta da ba a kai wa ba ke ci gaba da haukansa har sai layi ya zo kanta. Masunta suna cikin ruwa suna kiran masu saye, su daddale kafin su juya jirgi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku suka koma sayarwa a wajen kasuwar garinsu, abin da a da kusan ba a yi. Zubar da kifi, wanda ke cin kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na kamun rana, ya ƙare ɗungurungum. Ribar masunta ta ƙaru da kashi 8, kuma farashin da mai ci ke biya ya sauka da kashi 4. Mai sayarwa ya samu, mai saye ya samu, don abin da ake rabawa shi ne kifin da a da ake mayar wa teku. An buga binciken a 2007, kuma daga nan ya zama labarin da kowane mai tallar fasaha ke buɗe jawabi da shi.

Gwajin da ya fi kusa da mu a Jamhuriyar Nijar aka yi shi. Jenny Aker, wadda ta daɗe tana aikin agaji a Afirka ta Yamma kafin ta koma karatun digiri na uku a Berkeley, daga baya kuma ta koyar a Jami'ar Tufts, ta lura cewa Nijar ta ba da irin damar da Kerala ta bayar. An fara sabis ɗin salula a ƙasar a 2001, kamfanonin Celtel da Sahelcom da Telecel suka riƙa kafa turaku gari bayan gari har 2006. Kuma akwai wata hukuma, SIMA, wadda ma'aikatanta suke zagaya kasuwanni suna rubuta farashin hatsi tun kafin a san za a yi wani abu wai shi salula. Ba don waɗannan bayin Allah masu littafi da biro ba, da babu binciken.

Dabarar da ta bi mai sauƙin fahimta ce. Ka ɗauki kasuwanni biyu-biyu, ka rubuta tazarar farashin gero tsakaninsu kowane wata. Wasu tagwayen sun sami sabis dukansu a 2003, wasu sai 2005, wasu har aka gama ba su samu ba. Ba za ka kwatanta masu waya da marasa waya kai tsaye ba, don tun asali ba ɗaya suke ba. Abin da za ka duba shi ne yadda tazarar kowane tagwaye ta sauya daga kafin zuwan waya zuwa bayansa, ka cire sauyin da aka gani a wannan lokacin a inda waya ba ta je ba. Fari ko tsadar mai ko fara sun shafi kowa, don haka suna faɗuwa a wajen cirewar. Abin da ya rage shi ne rabon waya. Ta kuma yi hira da ɗaruruwan 'yan kasuwar hatsi don ta ji yadda suke neman labari.

Sakamakon, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa waya ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Tasirin ya fi ƙarfi a tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna da kuma waɗanda hanyarsu ba kwalta, wato inda zuwa gani da ido ya fi tsada. 'Yan kasuwar da ke garuruwa masu sabis sun koma bin farashin kasuwanni da yawa fiye da da, suna kuma sayarwa a wurare da yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta ga 2005. A waccan shekarar, bayan fari da farin ɗango na 2004, gero ya yi tsadar da talaka ya kasa saya ko da yake akwai shi a kasuwa, kuma jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar, tana cikin inda yara suka fi galabaita. Duk abin da zai sa hatsi ya gudu da sauri zuwa inda ake yunwarsa, rai yake ceta.

Da a nan labarin ya tsaya, da an tafa an tashi. Sai dai farashin da Aker ta auna na kasuwa ne, wanda mai saye ke biya. Manomin fa? Ita da Marcel Fafchamps suka koma kan bayanan Nijar ɗin, wannan karon suna duba abin da ake biyan manomi. Suka tarar waya ta rage tazarar farashin wake da kusan kashi 6 cikin 100, amma ga gero da dawa ba su ga wani sauyi ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali, matsakaicin kuɗin da manomi ke karɓa bai tashi ba. Kasuwa ta gyaru, 'yan kasuwa sun ƙara wayewa, shi kuwa mai gonar yana nan inda yake.

Kuma ba Nijar kaɗai ba ce. A jihar Maharashtra ta Indiya, Fafchamps da Bart Minten sun yi gwaji a ƙauyuka 100, aka zaɓi manoma da ƙuri'a ana tura musu farashi da hasashen yanayi ta saƙon tes na kamfanin Reuters. Manoman sun karanta, wasu ma sun ce sun ji daɗinsa, amma farashin da suka sayar bai bambanta da na waɗanda ba a tura wa ba. A Bengal ta Yamma wasu masana huɗu, cikinsu har da Dilip Mookherjee, suka yi gwaji a ƙauyuka 72, suna sanar da manoman dankali na wasu daga cikinsu farashin babbar kasuwar sari. Nan ma matsakaicin abin da suka samu bai motsa ba. Dalilin da masanan suka gano shi ne manomin ba shi da ƙofar shiga babbar kasuwar. Manyan masu saye ba sa hulɗa da baƙon fuska, sai da dillalan da suka sani. To ka san farashin birni, sai me? Mai sayen da ke ƙofar gidanka ya san ka sani, ya kuma san ba ka da inda za ka. Ba a ce labari bai taɓa amfanar manomi ba. A Yuganda an ga manoman masara masu sauraron farashi a rediyo sun sami ƙari, haka ma masu waken suya a Madhya Pradesh da aka kafa wa rumfunan intanet, inda kamfanin da ya kafa su ya buɗe wuraren saye na kansa. Amma sakamakon ya rarrabu ƙwarai, ba kamar yadda masu talla ke faɗa ba.

A ganina, bambancin Kerala da sauran wuraren a fili yake, kuma ba a cikin wayar yake ba. Masuncin Kerala yana zaune ne a cikin abin hawansa, da kayansa, gaɓoɓi da dama na gabansa, juya akalar jirgi kawai zai yi. Manomin gero a wani ƙauye na Tasawa ko Ɓaɓura yana da buhu uku, kasuwa ɗaya ce ke ci kusa da shi a mako, kuma kuɗin kai buhu uku kasuwar Dawanau ta Kano ya cinye duk bambancin da ya ji a waya. Sanin farashi yana zama kuɗi ne kawai a hannun wanda ke da zaɓi.

Akwai kuma abin da ya fi nisan kasuwa ɗaure manomi, shi ne lokaci. Da kaka kowa ke sayarwa, ranar da hatsi ya fi araha, don a ranar ce mai bashin taki ke tsaye a ƙofa, ga kuɗin makaranta, ga auren da aka ɗaga tun bara. Da bazara ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai mutumin nan ya dawo kasuwa da tiya yana sayen irin geron da ya sayar, a kan farashin da ya fi na kaka nesa ba kusa ba. Polly Hill ta rubuta wannan a kan Ɓatagarawa a littafinta na 1972, kuma har yau bai tsufa ba. Ba jahilci ke sa shi ba. Manomi ya fi kowa sanin gero zai tashi.

Marshall Burke da Lauren Bergquist da Edward Miguel sun gwada wannan a gundumar Bungoma ta yammacin Kenya, tare da ƙungiyar One Acre Fund. Maimakon labarin farashi, sai aka bai wa wasu manoman masara, da ƙuri'a, rancen kuɗi daidai lokacin girbi. Waɗanda suka karɓa suka rage sayarwa da kaka, suka ajiye har kaya ya yi daraja, kuma ribar da suka ci a kan rancen ta kai kashi 29 cikin 100. Masanan sun ƙara wata hikima: a wasu yankuna sun ba mutane da yawa, a wasu kaɗan. Inda masu rancen suka yi yawa, farashin kaka ya ɗan tashi don kasuwa ba ta cika da masara ba, hawan bazara kuma ya yi sauƙi. Ribar mai rancen ta ragu a wurin, amma maƙwabcinsa da bai karɓi ko sisi ba ya amfana. Wanda ya auna masu rancen kaɗai, zai ce shirin bai yi aiki a can ba, alhali amfanin ne ya bazu cikin gari. Mutanen Nijar sun san dangin wannan tsari, inda ƙungiyar manoma ke kulle hatsi a sito da makulli biyu, ɗaya a hannunta ɗaya a hannun mai ba da rance, a karɓi kuɗi a kan hatsin har farashi ya tashi. Ajiya dai ba ta rasa haɗari. Akwai shekarun da farashi ke ƙin tashi, kamar yadda masu ajiya a Nijeriya suka gani bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024.

Sai maganar da ta fi zafi, ta 'yan tsakiya. Duk lokacin da abinci ya yi tsada, su ake fara nunawa da yatsa. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, jama'a da dama kuma suka yi murna. Shin bincike ya goyi bayan wannan zargi da ake yi wa 'yan kasuwa? Amsar ta danganta da kasuwar da aka auna.

Bergquist da Michael Dinerstein sun yi wani gwaji mai wayo a kasuwannin masara 60 a Kenya. Suka riƙa bai wa 'yan kasuwa tallafi a kan kowane buhu da suka sayar, wato an rage musu tsadar kaya, sannan suka zuba ido su ga nawa ne zai isa ga mai saye. Inda gasa ke da zafi, kusan duka ragin ya kamata ya gangara, don in ka riƙe, na kusa da kai zai karya farashi ya kwashe maka ciniki. Abin da ya gangara kashi 22 ne kawai cikin 100. Lissafinsu ya nuna 'yan kasuwar suna tafiya ne kamar masu baki ɗaya, kuma suna kwashe kashi 82 cikin 100 na duk amfanin da cinikin ke haifarwa. Da aka biya wasu sababbin 'yan kasuwa su shiga kasuwannin, kaɗan ne suka yarda, waɗanda suka shiga ɗin ma farashi bai ji zuwansu ba.

Wannan hujja ce mai nauyi, amma kada a ɗauke ta a yafa wa kowace kasuwa. A Saliyo, Lorenzo Casaburi da Tristan Reed sun yi irin wannan gwaji da masu sayen koko, suka tarar gasar da ke tsakaninsu ba laifi, kuma ƙarin da aka ba su ya isa ga manoma ta wata hanyar da mai duban farashi kaɗai ba zai gani ba: ta hanyar bashin da suke bayarwa kafin girbi. Wannan ya kamata ya tuna mana da aikin Christopher Udry, wanda ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989 yana bin bashin gidaje kusan 200. Ya tarar yawancin rancen tsakanin mutanen da suka san juna ne, ba takarda, ba jingina, kuma abin da ake biya yana sauyawa da halin da aka shiga. In ambaliya ta ci gonar mai karɓa, a sassauta masa. In mai bayarwa ne ya shiga matsi, a biya shi da wuri, har a ɗan ƙara. Wato bashin da kansa inshora ne. Mutumin da ke sayen geronka da araha da kaka, wataƙila shi ne ya ba ka kuɗin magani da damina ba tare da ya rubuta ba. Manhajar da za ta gaya maka ya rage maka naira kaza a tiya ba za ta zo asibiti da kai ba. Wannan bai wanke ɗan kasuwa daga zalunci ba, akwai masu yi. Amma wanda zai kore shi, sai ya fara tanadar wanda zai yi aikin da yake yi.

Amana ma tana da farashinta, kuma an auna shi. Aker da abokan aikinta uku sun duba farashin gero da wake a kasuwannin da ke gefe biyu na iyakar Nijar da Nijeriya, a wani bincike da aka buga a 2014. Tsallaka iyakar kawai yana sauya farashi da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Amma in kasuwannin biyu na ƙabila ɗaya ne, kamar Bahaushen Jibiya da na Maraɗi, tazarar tana raguwa sosai. Abin da ya fi ba da mamaki yana cikin Nijar kanta. A inda ƙasar Hausa ta haɗu da ta Zabarmawa, babu kwastan, babu canjin kuɗi, sefa ce a ko'ina, amma tsallen farashin ya yi kusa da na iyakar ƙasa da ƙasa. Masanan sun danganta shi da wahalar harshe da kuma bashi, don cinikin hatsi da yawa a kan amana yake tafiya, kuma mutum ya fi sakin kayansa ga wanda ya san gidan ubansa. Waya tana kai murya ko'ina, amma lambar wanda ka yarda da shi kake kira.

Ga kuma hanya. David Atkin da Dave Donaldson sun bi farashin kayan masana'anta daga bakin masana'anta ko tashar jirgin ruwa zuwa garuruwa masu nisa, suka ƙiyasta cewa nauyin da nisa ke ɗora wa kaya a cikin Nijeriya da Habasha ya ninka na Amurka sau 4 zuwa 5. Duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya daga Kano zuwa Legas zai iya lissafa maka inda kuɗin ke tafiya, rami bayan rami, shinge bayan shinge.

A nan ne lissafin kasuwa ke komawa siyasa. Waya ta rage tazarar farashi da kashi 10 zuwa 16, kuma sai da aka shekara biyar ana kafa turaku kafin a samu hakan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufe iyakar da Nijar, har zuwa Maris na 2024. Sa hannu ɗaya a Abuja yana iya shafe abin da fasaha ta gina a shekaru, kuma 'yan kasuwar Illela da Ƙonni, da na Maigatari da Dungas, duk suna da waya a aljihu a ranar da aka rufe. Kaya ba su daina wucewa ba, ta daji suka koma, a kan babura, da ƙarin kuɗin da mai ci ne ke biyansa a ƙarshe. Ba a rasa masu cin ribar rufewar ba, kuma ba manomi mai buhu uku ba ne.

Na fahimci abin da ya sa gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji ke son shirin tura farashi ta waya. Yana da araha, ana ƙaddamar da shi a otal, ana iya ƙirga mutum nawa suka yi rajista, kuma bai taɓa abincin kowa ba. Gyaran hanyar karkara, da rage shingaye, da rancen kaka mai sauƙi, da siton da manomi zai yarda ya kai hatsinsa ya dawo ya same shi, duk suna da tsada, wasunsu kuma suna taka sawun masu ƙarfi. Amma binciken shekaru 20 ɗin nan ya fi nuna amfanin manomi a wajensu. Shirin da ya tsaya a kan labarin farashi kaɗai, ɗan kasuwa da mai saye a birni yake wa aiki, kuma gara a faɗi haka tun farko a daina rubuta sunan manomi a jikin allon.

Yawancin binciken da na kawo a wannan babi baƙi ne suka yi shi, wani a ƙasarmu, da bayanan da 'yan ƙasa suka tara. Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Abin da Jensen ya fara da shi bai wuce mutanen da ke zuwa bakin teku kowane mako suna rubuta farashi ba, sai haƙurin shekara biyar. Ɗaliban tattalin arziki da na aikin gona a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, kasuwannin suna bakin ƙofarku, harshen naku ne, kuma 'yan kasuwar iyayenku ne. Ku zaɓi kasuwannin ƙauye goma da ke kai kaya Dawanau ko Maraɗi, ku riƙa rubuta abin da aka biya manomi a hannu, ba abin da aka faɗa a rediyo ba, ku rubuta wa ya saya, da ko akwai bashi a tsakaninsu. Ku fara da kakar bana.